Kifin da ake kamawa a sake: me ya kai dokar maski inci 54, kuma su wa ke rigima a kai?

Duk mai yawo a Facebook ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Mutum tsaye cikin ƙaramin jirgin ruwa, ya rungumo wani zungureren kifi da ya kusa kai tsayin yaro ɗan shekara goma, hannunsa har rawa yake don murna, abokinsa ya ɗauke shi hoto sau biyu ko uku, sai kawai ka ga ya durƙusa ya mayar da kifin ruwa, yana riƙe da wutsiyar a hankali kamar mai lallashin jariri har kifin ya farfaɗo ya yi gaba abinsa. Mu da muka tashi muka tarar kifi in ya shiga hannu to tukunya ce makomarsa ko kasuwa, dole abin ya ɗaure mana kai. Wasu su ce ai wasan yara ne, wasu su ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, wasu kuma su ce ƙila kifin ba ya ciwuwa.

Sau da yawa kifin da ake gani a irin bidiyon nan sunansa muskellunge, masu kama shi suna taƙaitawa su ce maski. Kuma sakin da ake yi ba ra'ayin mutum ɗaya ba ne. A jihar Minesota ta Amurka, tun 2015 doka ta ce ba ka da ikon riƙe maski sai ya kai inci 54, wato santimita 137 kenan, wanda galibin masu kamun har su mutu ba za su taɓa riƙe irinsa ba. To a aikace dokar cewa take yi: kama, ka gani, ka saki. Yadda aka yi aka zo nan, da rigingimun da abin ya haifar tsakanin masu gidaje a bakin tafki, da 'yan asalin ƙasar, da masu na'urorin zamani, duk suna komawa ga halittar kifin ne da kansa.

Wane irin kifi ne

Maski kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka, babu shi a Afirka ko Turai. Gidansa na asali yankin manyan tafkunan nan biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada, da kogin St. Lawrence, da saman kogin Misisipi, da kogin Ohayo da rassansa. Shi ne babba a dangin kifin da ake kira pike. Sunan ma daga harshen ƙabilar Ojibwe, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a yankin, ya fito, Faransawan da suka fara zuwa Kanada suka karkata shi da bakinsu, Ingilishi ya ƙara karkatawa. Jikinsa dogo ne siriri, bakin kamar na agwagwa amma cike da haƙora masu kaifi, fiffikensa na baya can kusa da wutsiya yake, shi ya sa yake iya zabura lokaci ɗaya daga inda ya laɓe. Ba ya yawan bin abinci da gudu mai nisa, kwanton ɓauna yake yi a gefen ciyawar ruwa ko duwatsu, ya cafke kifi ta gefe ya juya shi ya haɗiye ta kai. Yana cin kwaɗi, ɗan agwagwa, har ɓeran ruwa in ya samu.

Mutane kan rikita shi da ɗan'uwansa pike, kuma rikitawar na iya jawo tara domin dokokinsu ba ɗaya ba ne. Pike jikinsa mai duhu ne da ɗige-ɗige masu haske, maski kuma jikin ne mai haske zanen ya yi duhu. In ana son tabbaci sai a juya haɓar a ƙirga 'yan ramukan da ke ƙarƙashinta: pike biyar ko ƙasa da haka a kowane gefe, maski shida zuwa sama. Akwai kuma ruwa-biyu, wanda ake samu in an haɗa su, ana ce masa maski mai zanen damisa, galibi ba ya haihuwa, shi ya sa jihohin yamma irin su Utah da Washington ke zuba shi a tafkunansu ba tare da tsoron zai mamaye ba.

Abin da ya fi muhimmanci a riƙe shi ne maski ba shi da yawa kuma ba ya saurin girma. Shi ne a ƙololuwar masu farauta a ruwa, don haka ko a tafki mai kyau da wuya ka samu babba ɗaya a kowace eka, sau da yawa ma sai eka biyu ko uku. Macen tana watsa dubban ƙwai a ruwa mara zurfi bayan ƙanƙara ta narke, ta tafi ta bar su ba gadi, kaɗan ne ke kai labari. Inda suke zaune tare da pike abin ya fi muni domin pike kan riga shi yin ƙwai, kafin 'ya'yan maski su ƙyanƙyashe na pike sun yi wayo sun fara cin su. Kifin da ya kai inci 50 kusan kullum mace ce, kuma ta kwashe shekara goma sha biyar ko fiye tana girma, wasu sukan kai wajen shekara talatin. Kaga kenan in ka kashe guda ɗaya, ba abin da za a maye gurbinsa a damina ɗaya ba ne.

Kifin jifa dubu goma

Kirarin da masu kamun ke yi masa kenan, kifin jifa dubu goma, ma'ana sai ka wurga fatsa sau dubu goma kafin ɗaya ya kama. Ba wai an ƙirga ba ne, amma mutum ya yi kwana uku a ruwa tun asuba har magariba bai kama ko ɗaya ba abu ne da ba ya ba kowa mamaki. Har ma sun mayar da ganin kifin kawai wani abin ba da labari, ka ji mutum ya dawo yana cewa yau uku suka biyo ni, alhali hannunsa wayam.

Wannan biyowar ita ce ta sa kamun maski ya bambanta da saura. Sandar fatsar doguwa ce, ƙafa takwas zuwa tara ko fiye, zaren mai ƙarfi, a ƙarshensa a ɗaura waya ko wani kauri na musamman don haƙoran na tsinke zare kamar reza. Abin yaudarar kuwa, wato abincin bogi mai ƙugiya da ake ɗaurawa a ƙarshen zaren, wani ya kai tafin hannu biyu, akwai na katako, akwai na roba mai nauyin rabin kilo, akwai mai gashin wutsiyar barewa da faranti mai juyawa yana walƙiya. Mutum zai wurga ya dinga naɗo zaren, can sai ya hango inuwa doguwa tana bin abin a baya, ba ta kama ba, ba ta bari ba, har gindin jirgi. A nan ne ake yin abin da suke kira zana takwas: maimakon ya ɗaga fatsar, sai ya tsoma kan sandar cikin ruwa ya dinga zagaya abin yaudarar yana zana lamba 8 babba, yana ƙara gudu yana ragewa, kifin na biye da shi taku ɗaya daga ƙafarsa yana ganin idonsa ƙuru-ƙuru. Wani lokaci a zagaye na biyu zai cafka ruwa ya tarwatse, wani lokaci kuma ya nutse a hankali ya ɓace shikenan. Kaso mai tsoka na maskin da ake kamawa a wannan zagayen na gindin jirgi ake kama su.

In sanyi ya kawo kai a watan Oktoba da Nuwamba, a jihar Wiskonsin ta Amurka musamman, ana amfani da kifi mai rai a matsayin abincin fatsa. A da ƙugiya ɗaya ake sawa a bar maski ya haɗiye har ciki sannan a ja, daga baya bincike ya nuna yawancin waɗanda aka saki bayan haka mutuwa suke yi ko da sun tafi kamar lafiya lau. Yanzu dokar jihar ta ce in abincin fatsar ya kai inci 8 dole a yi amfani da ɗaurin da ake ja nan take ya kama a baki, ko ƙugiya mai lanƙwasa da ba ta maƙale a ciki.

Daga harbi da bindiga zuwa saki

Ba haka aka faro ba. A shekarun 1940 da 1950 galibin maskin da ya shiga hannu kashe shi ake yi, masu jagorantar baƙi a arewacin Wiskonsin har ƙaramar bindiga suke ɗauka, in kifin ya zo gefen jirgi a harbe shi a ka kafin a ɗago, sai daga baya aka hana. Ana kai shi gari a rataye a gaban shago ko mashaya a auna, jama'a su taru. Lokacin ne aka kafa tarihin da har yau ake musu a kai. A Yulin 1949 Cal Johnson ya kama mai laba 67 da oza 8 a tafkin Lac Courte Oreilles, a Oktoban shekarar kuma Louis Spray ya fito da mai laba 69 da oza 11, kusan kilo 31 da rabi, daga Chippewa Flowage, duka kusa da garin Hayward na Wiskonsin. Gidan tarihin kamun kifi da ke Hayward, wanda aka gina masa mutum-mutumin maski mai tsawon ƙafa 143, na Spray ya amince da shi. Ƙungiyar IGFA, mai ajiye tarihin manyan kifayen da aka kama da fatsa a duniya, ita kuma na Johnson ta riƙe. Akwai na Art Lawton na 1957 daga kogin St. Lawrence da ya fi su duka a takarda, aka soke shi a 1992 bayan an sake duba hotuna. A 2005 wata ƙungiya ta kawo nata nazarin hotunan tana cewa na Spray ma bai kai yadda aka faɗa ba, gidan tarihin ya ƙi karɓa. Har yau dai kowa na kan bakansa.

Wiskonsin ta ayyana maski a matsayin kifin jiha a 1955, amma a daidai wannan zamanin manyan na ƙara wuyar samu, ga kisa ga gine-gine a bakin ruwa da ke lalata wuraren yin ƙwai. A 1966 wani mutum mai suna Gil Hamm ya kafa ƙungiyar Muskies Inc. a Minesota, kuma ita ce ta fi kowa tura ra'ayin kama-ka-saki tun daga shekarun 1970. Abin lura a nan shi ne masu kamun ne suka riga gwamnati. Su suka fara saki da kansu, suka mayar da kashe maski abin kunya a tsakaninsu, sannan suka matsa wa hukumomi su ɗaga ma'auni. Wani abu da ya taimaka sosai shi ne masu sana'ar cusa fatar matattun dabbobi don ado sun koyi ƙera kwafin kifi na roba daga hoto da awo kawai, don haka mai son rataye abin alfahari a bango ba sai ya kashe ba.

Sakin ma yana da nasa ƙa'idoji. Ana amfani da koma mai faɗi da zurfi a bar kifin cikin ruwa a gefen jirgi, a cire ƙugiya da doguwar filaya, in ta maƙale a datse ta da almakashin ƙarfe, ba a tsaya ana tausayin ƙugiyar dala biyu ba. In za a ɗaga don hoto a kwance ake ɗagawa, hannu ɗaya a ƙarƙashin marfin kunne ɗaya yana tallafe da ciki, ba a rataye shi a tsaye domin nauyinsa na iya yi masa lahani a wuya da kayan ciki. Daƙiƙa kaɗan a mayar. Wani nazari da masanan jami'ar Carleton ta Kanada suka yi a kogin Ottawa, inda suka maƙala wa kifayen na'urar bibiya bayan saki, ya nuna in ƙwararru ne suka riƙe kifin kusan babu mai mutuwa.

Abin da ma'aunin inci ke nufi

Dokar ba ɗaya ba ce ko'ina, nan ne mutane ke rikicewa. Minesota inci 54, a da 48 ne. Wiskonsin ta ɗaga nata na bai-ɗaya daga 34 zuwa 40 a 2012, amma wasu ruwaye kamar Green Bay suna da 54, wasu 50. Kogin St. Lawrence 54 ne ta ɓangaren jihar New York da na lardin Ontariyo na Kanada. Mishigan ta bi wata hanyar, mutum na da ikon riƙe guda ɗaya tak a shekara kuma sai ya yi rajistarsa. A wurare da dama akwai kuma lokacin rufewa, ba a buɗe kamun sai bayan sun gama ƙwai.

Hikimar ita ce a bar mace ta yi ƙwai shekara da shekaru, kuma kifi ɗaya ya shiga hannun mutum biyar ko goma a rayuwarsa maimakon ya ƙare a hannun na farko. Sakamakon ya bayyana, kifin inci 50 da a da sai an yi shekaru ba a ji labarinsa ba yanzu duk kaka ana kama su da yawa. A Nuwamban 2021 Nolan Sprengeler ya kama mai laba 55 da oza 14 a tafkin Mille Lacs, ya karya tarihin jihar Minesota da ya tsaya tun 1957, shi ma sai da ya yi ƙoƙarin farfaɗo da kifin ya ƙi tashi sannan ya kai shi awo. Masu suka a cikin masana na cewa ma'auni mai tsawo bai dace da kowane tafki ba, akwai ƙananan tafkuna da kifin ba zai taɓa kai inci 45 ba komai daɗewa, in ba a cire ko ɗaya sai su cunkushe su kasa girma. Wannan ne ya sa Wiskonsin ta bar wasu tafkuna da ma'auni ƙasa da na bai-ɗaya.

Rigimar zuba kifi a sabbin tafkuna

Da yawa daga ruwayen da ake kamun maski yau ba haihuwa ke riƙe su ba, hukuma ce ke ƙyanƙyasar 'ya'yan a rene su har su kai wajen inci 10 zuwa 12 sannan a zuba da kaka. Minesota na da tafkuna sama da dubu goma amma kimanin ɗari ne kawai ake kula da su don maski. Da masu kamun suka ƙaru sai hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ta so ƙara wasu, a 2016 ta kawo sunayen tafkuna ciki har da Gull da wasu a gundumar Otter Tail, nan fa aka yi ta kai ruwa rana.

Masu adawa, galibi ƙungiyoyin masu gidaje a bakin tafki da masu kamun walleye, hujjarsu a bayyane take. Walleye shi ne kifin ci a Minesota, shi ake soyawa, shi ke kawo baƙi gidajen hutu, to ta yaya za a kawo musu dodo mai kilo 20 a ce ba zai taɓa shi ba? Suna kuma cewa su ke zaune a wurin, su ke biyan harajin gida, amma an yanke hukunci don daɗin wasu tsiraru da ke zuwa daga birni da jirage masu tsada. Akwai masu sukar pike da mashi ta ramin ƙanƙara da hunturu, su ma suna tsoron a taƙura musu domin an taɓa hana sukar a wasu tafkunan maski. Maganar ta kai majalisar jiha, a 2018 aka gabatar da ƙudurin dakatar da faɗaɗawar.

Hukumar da masu goyon baya kuma da bincike suka kare kansu. Wani nazari da aka buga a 2012 ya duba tafkuna 41 na Minesota kafin zuba maski da bayan zubawa, bai samu raguwar walleye da za a ɗora wa maski ba. Wani na Wiskonsin da ya duba cikin maski sama da dubu ya tarar abin da suka fi ci shi ne kifin perch da sucker, walleye ɗan kaɗan ne. Suka ƙara da cewa tafkunan da suka fi suna wajen walleye, irin su Leech da Lake of the Woods, da maski a cikinsu tun fil azal. A ma'aunin hujjar kimiyya ɓangaren hukuma ya fi nauyi, wannan a fili yake. Amma tambayar wa ke da ta-cewa a kan tafki, na kusa da shi ko duk 'yan jiha tunda a doka ruwan na jama'a ne, ba abin da ƙirga kifi zai warware ba ne. Hukumar ta zuba a Gull, ta ja baya a wasu wuraren.

In ana son ganin yadda wuri ke canza hukunci a duba jihar Maine. Can maski baƙo ne, lardin Kwibek na Kanada ne ya zuba shi a wani tafki a shekarun 1970 ya gangaro kogin St. John, hukumar Maine na kallonsa a matsayin mai mamaya da ke barazana ga kifin trout na asali, ba ma'auni ba iyaka, kama ka tafi da shi. Duk da haka garin Fort Kent ya mayar da shi gasar shekara-shekara da ke kawo musu kuɗi.

Ojibwe da haƙƙin mashi

Wannan ce rigimar da ta fi tsufa kuma ta fi zafi. A yarjejeniyoyin 1837 da 1842 ƙabilun Ojibwe sun miƙa wa gwamnatin Amurka ƙasa mai faɗi a arewacin Wiskonsin da Minesota da Mishigan, amma suka rubuta cewa haƙƙinsu na farauta da su da tsinto a wannan ƙasar yana nan. Jihohi suka yi shekara ɗari suna yin kamar ba su san da maganar ba. A 1974 wasu 'yan'uwa biyu, Fred da Mike Tribble, suka je suka yi su da mashi a wajen yankin da aka keɓe wa ƙabilarsu da gangan don a kama su a je kotu. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce haƙƙin na nan daram, a 1999 Kotun Ƙoli ta tabbatar da irin wannan a shari'ar Mille Lacs ta Minesota.

Ƙarshen shekarun 1980 an ga tashin hankali a bakin tafkunan Wiskonsin, ɗaruruwan masu zanga-zanga na taruwa da dare suna jifa da zagin wariyar launin fata a kan masu sukar kifi. Walleye ne kan gaba a rigimar amma maski ma na ciki, domin Ojibwe na sukarsa da bazara da fitila, da hunturu kuma ta ramin ƙanƙara da ɗan kifin katako da ake lilo da shi.

Mai kama-ka-saki zai ce na yi shekara ashirin ina mayar da kifi don ya girma, wani ya zo ya soke shi lokacin ƙwai. Ba-Ojibwe zai ce kakannina na cin kifin nan tun kafin a zana jihar, kuma a al'adarmu wasa da abinci, a ji masa ciwo don hoto a sake shi, shi ne rashin girmamawa. Mai karatu Bahaushe ƙila zai ji maganar ta biyu ta fi kusa da abin da ya sani. Abin da ya kamata a sani a tsakani shi ne sukar bazara ba kara zube ake yi ba, akwai hukumar kula da kifi da namun daji mai suna GLIFWC da ƙabilun suka kafa a 1984, ana ware adadi ga kowane tafki, ana ba da izini na dare ɗaya, ma'aikata na tsaye a bakin ruwa suna ƙirga abin da aka fito da shi. Ba a yi wa masu fatsa irin wannan ƙirgar ɗaya bayan ɗaya, kuma cikin dubban da suke saki akwai kason da ke mutuwa ba wanda ya gani.

Na'ura mai hango kifi, da ruwan zafi

Sabuwar rigimar ta cikin gida ce, tsakanin masu fatsa su ya su. A 2018 kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta nuna maka a allo kai tsaye kifi na motsi a gaban jirgi, sauran kamfanoni suka biyo. Da wannan ba sai ka yi jifa dubu goma ba, sai ka yi ta yawo har ka hango babba yana shawagi a tsakiyar tafki, ka wurga masa a ka kana kallon yadda yake juyowa. A 2022 babbar gasar ƙwararrun masu kamun maski ta Amurka ta haramta na'urar a wasanninta.

Masu son a taƙaita ta na cewa kifin da ke hutawa a zurfi a da ba mai damunsa, yanzu ba shi da maɓoya, kuma wanda aka jawo daga zurfi ya fi saurin mutuwa saboda jakar iskar cikinsa na kumbura. Lissafinsu mai sauƙi ne: in kashi kaɗan ke mutuwa a kowane saki, amma adadin kamun ya ninka, to mutuwar ma ta ninka, dokar inci 54 kuma ba ta ce komai a kan wannan ba tunda ba wanda ya riƙe kifi. Masu na'urar na cewa an yi irin wannan kukan lokacin da na'urar auna zurfi ta fito da lokacin GPS, kifi bai ƙare ba, ganin kifi ba shi ne cizonsa ba, kuma matasa da ba su da shekara talatin na koyon tafki ita ce ta shigo da su harkar. Akwai kuma batun aljihu, cikakken saiti dubban daloli ne, don haka wanda ba shi da hali yana ganin an bar shi a baya.

Zafin ruwa ma haka. Maski kifin sanyi ne, in ruwa ya kai digiri 80 a ma'aunin Amurkawa, kusan 27 a namu, iskar da ke cikinsa na raguwa, kifin da ya gaji da kokawa ba ya farfaɗowa da wuri. Al'adar masu kamun ita ce a ajiye sanda in an kai nan. Binciken da aka yi a jihohin Bajiniya da Bajiniya ta Yamma ya tabbatar mutuwar bayan saki na ƙaruwa a ruwan zafi, sai dai a yawancin wurare ba doka ba ce, kunya ce kawai ke hana mutum, kuma da lokacin zafi ke ƙara tsawo kwanakin da ake rufe kai da kai na ƙaruwa.

Yadda abin ke shafar talaka

Garuruwa irin su Hayward da Eagle River da Boulder Junction da maski suke ci. Masu jagorar baƙi, masu ɗakunan haya, masu gidan abinci, masu sassaƙa abin yaudara a garejin gida su sayar, duk kifi mai rai ya fi musu amfani da matacce, musamman a Oktoba da Nuwamba lokacin da sauran masu yawon hutu sun watse. Mai jagora kuwa in zafi ya tilasta masa soke aikin sati biyu a Yuli, asarar daga aljihunsa take fita ba mai biyansa.

Kuɗin ƙyanƙyasa da bincike daga lasisi yake zuwa da kuma harajin da dokar Dingell-Johnson ta 1950 ta ɗora a kan kayan kamun kifi, wato mai neman ɗan abin miya ma yana biya. Nan ne wasu ke ƙorafin ana kashe kuɗinsu a kan kifin da ba za su taɓa ci ba, ɗaya ɓangaren kuma su ce mu ma muna biyan na walleye.

Batun ci kuwa, maski na ciwuwa, namansa fari ne sai dai ƙaya. Matsalar ita ce tsohon kifi mai cin kifi na tara sinadarin makuri (mercury) mai guba a jikinsa, shi ya sa hukumomin Wiskonsin ke ba mata 'yan ƙasa da shekara 50 da yara 'yan ƙasa da 15 shawarar kada su ci shi sam, sauran kuma kada su wuce sau ɗaya a wata. Wannan ya fi shafar iyalan Ojibwe da baƙi 'yan ci-rani da ke kamun kifi don tukunya.

Ga namu da ke zaune a Minesota ko Wiskonsin ko Ontariyo suka fara zuwa bakin ruwa ranar hutu: lasisi dole ne ko daga gaɓa kake wurgawa, littafin dokar na canzawa kusan kowace shekara kuma tafki biyu da ke maƙwabtaka na iya samun ma'auni daban. In dogon kifi mai bakin agwagwa ya kama fatsarka, kada ka sa yatsa a bakinsa, bar shi cikin ruwa ka juya haɓar ka ƙirga ramukan. In shida ne ko fiye kuma bai kai ma'aunin wurin ba, cire ƙugiya ka riƙe wutsiyar har ka ji ya fizge da kansa.